Lagwanin da ke shan dalma

Bayan Azahar Baba mai goro ya shigo shagonmu da ke Agege, rediyonsa a naɗe cikin tsumman buhu irin wanda yake jiƙawa ya lulluɓe goro. Wajen Oga ya nufa. Sai da suka gaisa sosai, aka tambayi iyali da kasuwa da labarin damina a gida, sannan ya kwance tsumman.

"Injiniya, abin nan ya daina cin wuta. Yau kwana uku ban ji labarun safe ba."

Oga ya karɓa, ya zura masa wayar caji, ya ɗan motsa ta. Bakin cajin ya yi ta rawa kamar haƙorin yaron da ya fara famfara. Ya ce, "Baba, bakin caji ne ya tashi. Amma in faɗa maka gaskiya, abin da za ka kashe a gyara, in ka ɗan ƙara a kai sabo za ka saya."

Baba ya girgiza kai. Yanar ido ta fara rufe masa gani, rubutun jikin maɓallai ya daina ganinsa tun bara. "Wannan da hannu na san shi. Na biyu daga hagu, in na danna sau ɗaya karatu ne, sau biyu rediyo. Sabo wa zai zauna ya koya min?"

Oga bai ƙara cewa komai ba. Ya turo min rediyon ta kan tebur. "Kai, karɓi. Daga buɗewa har rufewa naka ne. Ba zan sa hannu ba sai ka kira ni."

Ni acaba nake yi a da. Ranar 1 ga Yuni 2022 dokar hana acaba ta fara aiki a ƙananan hukumomi 6 na Legas, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, ni kuwa yawancin fasinjojina na Ikeja ne. Abokaina da dama suka loda baburansu a tirela suka koma gida. Ni na sayar da nawa, wani ɗan garinmu ya kawo ni wajen Oga ya ce ga amana. Watannin farko aikina shara ne da aike: in hau danfo zuwa Computer Village, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Ikeja, in ratsa cunkoson titin Otigba da takarda a hannu, in sayo abin da aka rubuta min. Da yamma sai Oga ya ba ni matattun fanel, wato allon nan na cikin waya ko rediyo da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kansa, in yi ta koyo a kansu. Liƙa abu da dalma, ƙarfen nan mai laushi da ake narkawa a haɗa kayan lantarki, bai ɗauke ni lokaci ba. Cirewa ce ta ba ni wuya, kuma har yau a ganina a nan ake gane mai gyara. Wanda ya liƙa ba daidai ba zai sake liƙawa. Wanda ya cire ba daidai ba, sau da yawa ya tafi da abin da ba ya mayuwa.

Na kwance sukuru huɗu na baya, na zuba su a murfin kwalba don kada su bi ƙasa. Abin da Oga ya fara dasa min a kai shi ne cire batir kafin ayan, ƙarfen da ke ɗaukar zafi muna narka dalma da bakinsa, ya kusanci fanel. Batirin irin mai faɗin nan ne na tsofaffin wayoyi, bolt 3.7 aka rubuta a jikinsa. Ƙarami ne, amma in fositif da nagetif suka haɗu ya isa ya ƙona layin jan ƙarfen da wuta ke bi a jikin fanel, shi kansa ya kumbura. Na zare memorin Baba na sa a aljihun gaban rigata, na ɗauki hoton wayoyin sifika da na eriya da wayata kafin in taɓa komai, sannan na ɗaure fanel ɗin a marikinsa na jawo madubin ƙara girman abu.

Bakin cajin irin ƙaramin nan ne da ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Yana da 'yan ƙafafu 5 a jere a baya, tsakanin kowace da 'yar'uwarta milimita 0.65, sai manyan ƙafafu 4 na jikin ƙarfen da suka nutse cikin ramuka suka riƙe shi. Harshen robar da ke ciki ya karye ya karkace, alamar an sha tura masa waya a kife. Biyu daga cikin ƙananan ƙafafun sun rabu da dalmarsu, ga kuma wata koriyar tsatsa a gindinsu, aikin raɓar Legas da ta tsumman goro. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne mazaunan ƙafafun, waɗanda muke kira fad, duka biyar suna nan lafiya a jikin fanel. Aikina ke nan: in raba tsohon bakin da wurin, in share dalma tas, in bar waɗannan biyar yadda na same su.

A nan lagwani yake shigowa. Wik ake ce masa a shago, haka ma za ka ce in ka je saye a Ikeja. Ni dai tun ranar da na fara ganin aikinsa nake kiransa lagwani, don halinsu ɗaya da na fitilar ƙwai da muka tashi muna gani a gida: gindinsa na cikin kananzir, mai na hawa sama ba mai tura shi. Wannan da siraran silin jan ƙarfe aka saƙa shi, saƙa mai faɗi kamar kitso, aka shafe shi da ƙaron da ake samu daga itacen fayin. Tsakanin silin akwai 'yan matsattsun kafofi, narkakkiyar dalma kuwa tana son jikin jan ƙarfe mai tsabta, sai ta bi kafofin nan ta haye da kanta. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085 na ma'aunin Salsiyas, don haka ayan ba ya yi masa komai. Inda suka rabu da lagwanin fitila shi ne wannan ba ya sha a sanyi. Dole shi kansa ya yi zafin da ya kai na narkewar dalmar, kuma dole fuskarsa ta kasance ba tsatsa. Duk wahalar da na taɓa sha da shi, in na bi diddiginta, ɗaya daga cikin biyun nan ce.

Naɗe yake zuwa a 'yar roba mai kama da faifai. Wanda Oga ya fi yarda da shi na kamfanin Goot ne na Japan, lambar jikinsa ma tana gaya maka komai: CP-2015 faɗin milimita 2 ne, tsawon mita 1.5. Akwai mai milimita 1.5, akwai mai 2.5, akwai mai 3 da ɗoriya. Na taɓa ganin arha a hannun wani mai talla a bakin titi na sayo. Oga ya warware kansa, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya kara, sai ga lagwani ya manne. Ƙarfe ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, jan ƙarfe na gaske maganaɗisu ba ya kama shi. Ko mai kyaun ma, a garin nan in ka bar shi a buɗe damina ta ratsa shi, sai ka ga ja mai sheƙi ya koma duhu-duhu, ya daina sha. Namu a leda muke ƙulle shi cikin gwangwanin madara. Oga yakan ce lokacin da yake koyo ba su san wik na kanti ba, wayar eriyar talabijin suke feɗewa su zare ragar da ke ciki su tsoma a fes, man nan da ake shafawa don dalma ta kama. Har yanzu dabarar tana aiki in ragar ta jan ƙarfe ce. In ta alminiyon ce, irin ta wayoyin arha na yanzu, dalma ba ta kama ta ko ka kwana a kai.

Kafin lagwani dai sai an ɗaga tsohon bakin. Na rufe gidan memori da ke kusa da ruwan ɗorawar salatef ɗin nan mai jure zafi, don robarsa ba ta da haƙuri. Na kunna ayan na tsayar da shi a digiri 350, na shafa fes a kan ƙafafun duka tara, na taɓa ɗaya da bakin ayan. Dalmar ta yi min taurin kai. Launinta a dushe yake, ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana amma ta ƙi zama ruwa.

Dalma iri biyu muke haɗuwa da ita. Ta dā, wadda muke saye a naɗe, kuza ce kashi 63 da dalma ta ainihi kashi 37, tana narkewa a digiri 183, ta yi sheƙi in ta daskare. Tun da Tarayyar Turai ta hana sa dalma ta ainihi a yawancin kayan lantarki a 2006, masana'antu suka koma wani haɗi na kuza da ɗan azurfa da ɗan jan ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai wajen 217. Ratar ba ta kai digiri 40 ba, amma a kan fanel tana da yawa. Maganin da aka koya min shi ne wanda na fi jinkirin yarda da shi: in kana son cire dalma, ƙara dalma. Na ɗauko tamu ta 183 na narka a kan kowace ƙafa har ta cakuɗe da tsohuwar. Haɗin da ya fito ya fi saurin narkewa, ya kuma fi daɗewa yana ruwa, ga shi yana kai zafi har can cikin rami inda bakin ayan ba ya isa.

Sannan na ɗauki bulowa, na'urar da ke hura iska mai zafi, na sa mata siririn baki, na karkatar da iskar ta bar gidan memori a bayanta. Ina zagaya bakin cajin a hankali, hantsaki na hannun hagu yana ɗan taɓa shi, taɓawa kawai. Robar cikinsa ta fara narkewa, wannan ba asarar kowa ba ce. Can sai na ji ya motsa da kansa, kamar kwale-kwalen da ruwa ya ɗaga. Na ɗauke shi sama tsaye, ya fito ba gardama.

Abin da ya bari ba kyan gani. Fad biyar ɗin nan dalma ta haɗe su ta zama tudu guda, ramuka huɗu kuwa duk sun toshe.

Na fara da ƙananan. Na zaɓi lagwani mai milimita 1.5, don faɗinsa ya kamata ya yi kusa da na wurin da za a share. Wanda ya yi faɗi da yawa zafin ayan yake kwashewa, ya kuma taɓa maƙwabta, ga wasu 'yan mitsi-mitsin kayan da ke gefe waɗanda in dalmarsu ta narke za su bi lagwani su tafi ba ka sani ba. Na datse kansa da ya sha iska, na ɗan tura saƙar ciki da yatsu biyu don ta saki jiki kafofinta su buɗe, na tsoma kan a fes. Ko da an ce yana zuwa da nasa ƙaron, ban taɓa nadamar ƙara masa ba. Na goge bakin ayan, na ɗiga masa dalma ɗan ƙanƙani. Busasshen baki ba ya miƙa zafi, wannan ɗigon ne gadar da zafin ke bi ya shiga jan ƙarfe.

Na kwantar da lagwanin a kan tudun, na ɗora gefen bakin ayan a kansa, gefen mai faɗi, ba tsinin ba. Ban danna ba, nauyin ayan ɗin ya isa. Fes ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, kafin uku sai na ji tudun ya faɗa a ƙarƙashin hannuna, lagwanin ya ɗan nutse. Ta madubi na ga fari yana bin jan yana hawa, sili bayan sili, kamar yadda shayi ke hawa burodi in ka tsoma bakinsa. Sau ɗari na ga wannan, har yau ba na gajiya da kallonsa. Da farin ya haura kamar faɗin farce, na ɗaga ayan da lagwani tare, lokaci guda.

Tare ɗin nan shi ne kan maganar. In ka ɗaga ayan ka bar lagwani ko da na ƙiftawar ido ne, dalmar da ke tsakaninsa da fad ta daskare, ya zama an yi musu walda. Fad kuwa ba wani abu ba ne illa fallen jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.035 a yawancin fanel, bai kai silin gashin kai ba, kuma gam ne ke riƙe da shi. Zafi yana raunana gam ɗin. Wata uku kafin zuwan Baba, wayar wata mata ce a hannuna, lagwani ya manne, na fizge. Fad biyu suka biyo shi da ɗan guntun layinsu, ina ganinsu suna reto a jikin saƙar. Oga bai yi min faɗa ba. Zama ya yi daga Magariba har bayan Isha'i yana haɗa layukan da suka yanke da waya mai sirantar zaren gizo, ni ina tsaye ina haska masa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kuɗin aikin bai karɓa ba, kuma ya gaya wa matar gaskiyar abin da ya faru.

Na datse wurin da ya ƙoshi ya faɗa gwangwani. Lagwanin da ya yi fari ya gama aikinsa, in ka mayar da shi dalma zai ba ka maimakon ya karɓa. Na sake tsoma sabon kai a fes na koma. Karo na biyu na ɗan ja shi a hankali, ayan na bisa, ina bin tsawon fad ɗin daga gindi zuwa kai. Ba a ratsa su ta gefe, kuma ba a gurzawa kamar mai wankin tukunya, saƙar tana da kaifin da zai kankare koren fentin da ke kare layuka. Yatsuna suka fara jin zafi, jan ƙarfe ba ya ɓoye wuta, sai na koma riƙe shi ta robar naɗinsa. A karo na uku fad biyar suka fito a shimfiɗe, kowanne a ware, da ɗan farin shafe a fuskarsa.

Ramukan suka rage, su ne masu wuyar. Manyan ƙafafun nan huɗu a jikin nagetif suke, nagetif kuwa a fanel ba siririn layi ba ne, fili ne guda na jan ƙarfe da ya mamaye duk inda ba a yi komai ba. Duk zafin da ka zuba a bakin ramin, filin nan ya shanye ya watsa. Ramin farko ya buɗe da ƙyar, na biyu ma haka. Ina kan na uku, ayan na bisa lagwani, farin ya fara hawa ke nan, sai fanka ta yi shiru. Lambobin jikin injin ayan suka mutu. An ɗauke wuta.

Siririn bakin ayan ba ya ajiye zafi, ga filin nagetif yana zuƙa. Kafin in yi tunani hannuna ya ɗaga ayan, lagwani ya tsaya a wurin, a ƙame. Na ji yatsuna sun matse shi, kafaɗata ta shirya ja.

"Kada ka ja."

Oga ne daga bakin ƙofa, ko juyowa sosai bai yi ba. Na saki. Ya ce, "Datse shi kusa da fanel, kada nauyin naɗin ya yi maka abin da kai ba ka yi ba. Ka bar shi nan. Tashi mu je masallaci."

Na datse, na bar ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa biyu a tsaye a bakin ramin. Na wanke hannu da sabulu kafin alwala. Wannan ma doka ce a shagonmu, don dalma ta ainihi ta hannu take shiga ciki, mutum ya gama murza ta ya ɓare goro ko ya tsoma hannu a kwanon abinci. Hayaƙin da ke tashi kuwa na fes ne, shi ma ba abin shaƙa ba ne, yana iya jawo wa mutum asma in ya daɗe yana zuƙarsa. Shi ya sa muke da 'yar fankar tsohuwar kwamfuta a gefen tebur tana janye shi daga fuska. Na ga masu gyara da yawa a Ikeja sun sunkuya hancinsu a kan hayaƙin tun safe har dare, abin yana damuna.

A sahu ina jin guntun lagwanin nan a raina. Da muka dawo maƙwabcinmu mai aski ya tayar da janareta, layinmu ɗaya da shi. Oga ya tsaya a bayana, hannayensa a baya.

"Me ya hana shi sha tun farko?"

Na ce, "Zafi ne bai isa ba, Oga."

"To ƙara lamba za ka yi?"

Na yi shiru. Da ni kaɗai ne da na murɗa injin zuwa 450, kuma da na ƙona bakin ramin alhali cikinsa bai narke ba. Ya nuna min akwatin bakunan ayan da haɓa. Na cire siririn na sa mai faɗin nan da muke kira wuƙa. Yawan ƙarfensa ya fi, yana ɗaukar zafi da yawa, yana kuma taɓa wuri mai faɗi. Na ɗaga injin zuwa 370 kawai. Na ɗauki bulowa na riƙe ta nesa-nesa ina ɗumama fanel ɗin gaba ɗaya, har ya kai in ka taɓa gefensa ba za ka iya barin yatsa ba. Filin da ya riga ya ƙoshi da zafi ba ya kwashe na ayan da sauri. Na ɗiga fes a kan guntun, na ɗora wuƙar da ɗigon dalma a bakinta, na kama guntun da hantsaki ina jira. Shi ya saki da kansa. Na ɗaga su tare. Zoben jan ƙarfen da ke bakin ramin yana nan, bai ko karkace ba.

Ramin ya sha rabi ya bar rabi, irin wannan kuwa ya fi cikakke wuya, don lagwani ba ya jawo abin da bai taɓa ba. Na sake cika shi da sabuwar dalma har ta yi tozo, na koma lagwani mai milimita 2.5, na yanke kansa a karkace ya yi tsini yadda zai ɗan leƙa ciki. Wannan karon sai da na ƙirga biyar. Na ji 'yar ƙara kamar an tsotsi tsinke, ramin ya buɗe. Na huɗun ya ƙi duk da haka, wata 'yar fata ta dalma ta rage can tsakiya. Sau biyu na gwada na tsaya, don kowane komawa gam ɗin da ke ƙarƙashi yake ci. Oga ya miƙo min allurar sirinji. Ƙarfenta irin wanda ba ya tsatsa ne, dalma ba ta kama shi. Na narka ramin ta gefe ɗaya, na zura allurar ta ɗaya gefen ina murzawa a hankali, na janye ayan, na bar ta ta huce a ciki sannan na zare. Na ɗaga fanel ɗin saitin ƙofa. Hasken yamma ya ratso ta ramuka huɗu.

Sauran aikin bai ja lokaci ba. Na wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori har dattin fes ya fita, na duba da madubi ko wani silin jan ƙarfe ya gutsure ya kwanta tsakanin layuka, don yakan faru. Sabon bakin ya zauna daram, ƙafafunsa huɗu suka shige ba tilas. Su na fara liƙawa don su riƙe shi, sannan na bi ƙananan biyar. Ta huɗu da ta biyar suka haɗe da ɗigon dalma. Na sake ɗauko siririn lagwanin, na taɓa wurin taɓawa ɗaya, ya ɗauke rarar ya bar wa kowace ƙafa rabonta. Na sa mitar gwajin wuta tsakanin ƙafa ta farko, mai kawo bolt 5, da ta biyar ta nagetif. Ba ta yi kuka ba, alamar ba su haɗe ba. Na mayar da wayoyin sifika da eriya yadda hoton ya nuna, na sa batir da memori, na zura caji. Jar fitila ta kama.

Oga ya ɗauki fanel ɗin kafin in rufe, ya juya shi gaba da baya a ƙarƙashin madubi, ya daɗe a kan rami na uku. Ya ajiye. "Rufe," kawai ya ce, ya koma kan aikinsa.

Ina ɗaure sukuru na tuna karyayyen harshen nan. In Baba ya ci gaba da tura waya a kife, wata biyu ya yi yawa zai dawo, kuma fad ɗin da suka sha wuta yau ba lalle su jure karo na biyu ba. Na tambayi Oga ko zan iya ba shi sabuwar wayar caji daga cikin na shago, ya ce in ɗauka. Na kunna bindigar gam na ɗiga ɗan tudu a fuskar kan wayar da ya kamata ta kalli sama.

Ana shirin Magariba Baba ya dawo, farantin goronsa a rufe. Na miƙa masa rediyon da hannu biyu. Ya shafa fuskarsa da babban yatsa, ya sami na biyu daga hagu, ya danna sau ɗaya. Karatu ya tashi. Ya danna kuma, rediyo ya kama da 'yar shashsheƙarsa. Na kama hannunsa na ɗora yatsansa a kan tudun gam ɗin.

"Baba, ka ji wannan? In yana sama, wajen maɓallai, to ka tura. In ka ji ta ƙi shiga kada ka matsa mata, juyawa za ka yi."

Ya zare, ya lalubo tudun, ya mayar. Ya sake zarewa ya mayar. Sai da ya yi haka sau uku, na ukun ma kansa a ɗage yake yana kallon titi. Ya biya Oga, ya buɗe farantin ya zaɓo farin goro manya guda biyu ya sa min a tafin hannu.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

Na ce amin, na roƙe shi ya daina naɗe rediyon a jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce to, ya zura shi a aljihun babbar rigarsa, ya rataya tsumman a kafaɗa ya fita. Na ajiye goron a kan takarda sai na wanke hannu, na tattara guntayen lagwanin da suka yi fari, goma sha ɗaya ne, na zuba a gwangwani, na ƙulle sauran naɗin a ledarsa.